Shafi daban, akwatin wasiƙa daban: shawara ga ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin Adar

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Madawa ta ratsa Buza da Keita ta faɗa Tawa, ya ga yadda mutanen Adar suke gina rumbunansu na ƙasa. Ba a manna su da ɗakin kwana ko da madafa, sai a ja su gefe, wani wuri ma a jera su can bakin gari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: in gobara ta ci ɗaki ta bar hatsi, iyali na iya sake rufi su kai ga kaka, in kuwa ta haɗa duka biyun, sai ƙaura. Wannan tsohuwar dabara ta manoma ita ce masana na'ura mai ƙwaƙwalwa suke ba duk ma'aikatar da ta yi niyyar mallakar suna nata na kanta a intanet: a ajiye shafin da duniya take kallo a wata na'ura, a ajiye akwatin wasiƙu a wata na'ura daban.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan ƙaramar hukumar karkara irin ta Tama, a gundumar Buza, da wannan zance na mutanen birni? Ruwanta kuwa babba ne. Yankin Adar, Dutsi da Majiya ya daɗe yana hulɗa da masu kawo ɗauki daga nesa. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a fadamar Majiya tare da ƙungiyar CARE, a 1984 kuma aka buɗe babban furojen raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO. A wancan zamani takarda tana tafiya ne cikin jakar gidan waya ko a hannun direba. Yau kuwa sanarwar neman ɗan kwangila, da rahoton kashe kuɗi, da amsar banki, da takardar gayyata zuwa taro, duka ta imel suke zuwa, kuma yawancinsu da ranar da ake rufe karɓar amsa. Dillalin albasa na iya gama cinikinsa da mai saye na Abijan ko Akara ta wayar salula, amma ƙungiyar manoma da take neman rance ko tallafi sai ta nuna rubutacciyar shaida. Wasiƙar da ta ɓace a irin wannan hali tana iya zama rijiyar da ba a haƙa ba, ko ajin da ba a gina ba.

Adireshin mutum da adireshin ma'aikata

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yuli 2004, lokacin da ƙananan hukumomi 265 na Nijar suka samu zaɓaɓɓun majalisu, magadan gari da sakatarorinsu sun zama masu rubutu da karɓar wasiƙu da sunan jama'a. Sai dai duk wanda ya saba duba takardun ma'aikatu da ƙungiyoyi ya san sau da yawa adireshin da ake rubutawa a ƙarƙashin hatimi na Gmail ne ko na Yahoo, wanda wani ma'aikaci ya buɗe da lambar wayarsa. Aiki na tafiya, ba a kuma biyan ko dala. Amma akwatin na mutumin ne, ba na ma'aikata ba. Ranar da aka canza masa wurin aiki, ko ya rasu, ko wayarsa ta ɓace, shekaru na alkawura da yarjejeniyoyi sun tafi tare da shi. A watan Afrilu na 2024, da hukumomin soja suka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi aka naɗa kantomomi, an ga yadda shugabancin ma'aikatu ke iya sauya hannu a ƙasa baki ɗaya cikin ƴan makonni. Kabad ɗin takardu ana miƙa mabuɗinsa. Akwatin imel na mutum kuwa babu takardar miƙa aiki da take tilasta masa ya buɗe shi.

Maganin wannan shi ne ma'aikata ta yi rajistar suna nata, abin da ake kira sunan yanki, misali "sunanku.ne". Haruffa biyu na ƙarshe su ne alamar Nijar a intanet, waɗanda aka yi wa rajista a 1996 aka danƙa kula da su ga kamfanin sadarwa na gwamnati SONITEL, wanda aka haɗe da SahelCom a 2016 suka zama Niger Telecom. Da suna irin wannan ana iya buɗe akwati ga kujera maimakon ga mutum: ɗaya na magajin gari, ɗaya na sakatare, ɗaya na ma'aji. Wanda ya tashi ya bar akwatin, wanda ya zo ya canza kalmar sirri ya ci gaba.

To, a nan ne kuskure na biyu yake ɓuya. Yawancin kamfanonin da suke ba da hayar wuri a intanet suna sayar da komi a ƙunshe: suna, da shafi, da akwatunan wasiƙa, duka a cikin na'ura guda, kuma da araha. Mai saye sai ya ɗauka cewa abubuwan uku abu ɗaya ne da ba ya rabuwa. Ba haka ba ne.

Wasiƙa ta girmi shafi

Tarihi kansa ya nuna cewa hanyoyin biyu ba tagwaye ba ne. A 1971 wani injiniya Ba'amurke, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata na'ura zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urar da yake ciki. A 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idar da na'urori suke bi wajen miƙa wa juna wasiƙa, wadda har gobe ita ce ginshiƙin aikin. Shafukan da ake buɗewa a karanta ba su fito fili ba sai 1991, daga hannun Tim Berners-Lee a cibiyar bincike ta CERN da take Janeba. Wato wasiƙa ta ba shafi shekara 20.

A Nijar ma haka abin ya faru. A farkon shekarun 1990, cibiyar bincike ta Faransa ORSTOM ta haɗa ofisoshinta na Afirka, har da na Yamai, da wani tsari mai suna RIO. Na'urori sukan tara wasiƙu, su kira juna ta layin waya lokaci lokaci, su yi musaya, su katse. Masu bincike a Yamai sun yi ta aika imel zuwa Turai alhali babu wanda ya taɓa buɗe shafi a ƙasar. Sai daga baya SONITEL ya kawo cikakken intanet, adireshin da suke ƙarewa da "intnet.ne" suka bazu a takardun ma'aikatu.

Yadda wasiƙa take gane gida

Kowace na'ura da take ajiye shafi ko wasiƙa dare da rana, wadda ake kira uwar garke, tana da lamba. Mutane kuwa suna riƙe suna ne, ba lamba ba. Saboda haka a 1983 Paul Mockapetris ya tsara wani kundin adireshi na duniya, wanda aka sani da haruffan DNS, mai fassara suna zuwa lamba. Duk mai sunan yanki yana da fejinsa a cikin wannan kundi, kuma a fejin akwai layuka da yawa. Wani layi yana cewa: mai neman shafinmu ya je na'ura mai lamba kaza. Wani layi daban, wanda ake kira MX, aka kuma shigo da shi a 1986, yana cewa: mai kawo mana wasiƙa ya kai ta na'ura kaza.

Asirin ke nan gaba ɗaya. Layukan biyu ba su san juna ba. Kamar ɗan kasuwa ne da shagonsa yake Tama amma akwatinsa na gidan waya yake Madawa: mai son ganin haja ya je shago, mai aiko takarda ya rubuta lambar akwati, kuma in an rufe shagon saboda gyara, takardu na ci gaba da faɗawa cikin akwati. Shafi na iya zama a Yamai wasiƙa a wata ƙasa, ko akasin haka, sunan kuwa ɗaya ne, mai aikowa ba zai ma lura ba.

Layin wasiƙa yana da wata baiwa kuma. Ana iya rubuta na'ura fiye da ɗaya, kowace da lambar fifiko. Wadda lambarta ta fi ƙanƙanta ita ake fara gwadawa, in ba ta amsa ba a wuce ga ta biye. In duka sun yi shiru, na'urar mai aikowa ba ta yar da wasiƙar nan take, tana riƙe ta tana sake gwadawa, bisa al'ada har kwana 4 zuwa 5, sannan ta mayar wa mai ita. Idan kuwa ba a rubuta layin wasiƙa ba sam, masu aikowa sukan koma su ƙwanƙwasa ƙofar na'urar da sunan yake nunawa, galibi ta shafi, ko tana karɓar wasiƙa ko ba ta karɓa.

Gemun da ya kama wuta

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Daren 9 wayewar 10 ga Maris 2021, gobara ta tashi a rumbun na'urorin kamfanin OVH a birnin Starasbur na Faransa. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani ya ƙone sashe, aka kashe wutar sauran. Kamfanin Netcraft na Ingila, mai sa ido kan intanet, ya ƙidaya shafuka kimanin miliyon 3 da dubu 600 da suka ɗauke, har da na wasu ma'aikatun gwamnati na Faransa da Ingila da Kodebuwa. Waɗanda wasiƙunsu suke wani wuri daban sun wayi gari babu shafi, amma sun iya rubuta wa abokan hulɗarsu su yi bayani, sun kuma ci gaba da karɓar oda. Waɗanda suka haɗa komi a na'urar da ta ƙone sun rasa fuska sun rasa murya. A 2023 kotun ciniki ta birnin Lil ta saurari ƙarar wasu kamfanoni da suka biya kuɗin ajiyar kwafin bayanansu, sai ga shi an ajiye kwafin ne a wurin da asalin yake, wuta ta haɗa su.

Ba sai gobara ba. Shafi abu ne da yake buɗe ga kowa, ana yawan taɓa shi, shi ya sa ya fi saurin samun matsala. Ɓarayin intanet sukan kutsa cikin shafin da ba a sabunta ba, su mai da na'urar wurin watsa wasiƙun damfara. Nan da nan manyan kamfanonin imel su sa lambar na'urar a baƙin littafi. In akwatin ma'aikata yana cikin wannan na'ura, rahoton da ma'aji ya aika wa mai ba da tallafi sai ya faɗa kwandon shara ba tare da sanin kowa ba. Abin takaici ma, a hayar araha ɗaruruwan shafuka ne suke zaune a lamba ɗaya, don haka laifin maƙwabci na iya shafar wanda bai ji ba bai gani ba. Haka nan in hotuna suka cika ma'ajiyar na'ura, wasiƙu su rasa wurin sauka. In an yi saɓani da wanda ya gina shafin aka so canza kamfani, sai a tarar wasiƙun shekaru suna hannunsa.

Me zai hana a ajiye na'urar a gida?

Wani zai ce, tunda haka ne, a sayi na'ura a kafa ta a ofishin magajin gari, wasiƙunmu a gabanmu. Tunani ne na kishin gida, amma yanayin ƙasa bai goyi bayansa ba. Uwar garken wasiƙa tana buƙatar wutar lantarki da layi marasa yankewa, da lamba tabbatacciya, da ɗaki mai sanyi marar ƙura, da ma'aikacin da zai tsare ta kullum. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar take amfani da shi, ba a kuma maido ta ba sai Maris na 2024. Kafin nan, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairu 2021, intanet na wayar salula ya ɗauke kimanin kwana 10. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma manyan igiyoyi 4 na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga kunci.

A lissafa: mai aikowa yana haƙuri kwana 4 ko 5 ne kawai. Na'urar da take ofis, ta dogara da layin salula, ta yi kwana 10 ba ta amsa ba, wasiƙun farko duk sun koma inda suka fito. Akwatin da yake hannun kamfani mai injin wuta da layuka biyu kuwa ya karɓe su ya ajiye, ranar da layi ya dawo sakatare ya tarar da su a jere.

Wannan ba ya nufin a miƙa komi ga ƙetare ido rufe. Wasiƙar da aka ajiye a wata ƙasa tana ƙarƙashin dokar can. A 2018 Amurka ta yi dokar da ta ba hukumominta hanyar neman bayanan da kamfanonin ƙasar suke riƙe da su ko da a waje suke ajiye. Nijar ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, wadda aka sabunta a 2022, da babbar hukumar da take kula da ita. Ma'aikatar da take riƙe da sunayen ƴan ƙasa da takardun haihuwa da na filaye ya kamata ta nemi shawarar hukumar ANSI, wadda aka kafa a 2017 don harkar zamanantar da ayyukan gwamnati, kafin ta zaɓi inda za ta kai akwatinta. Amfanin rabuwar ke nan: ana iya zaɓa wa shafi wuri mai araha, a zaɓa wa wasiƙa wuri mai amana.

Harafi ɗaya, da mai riƙe da suna

Akwai wani darasi daga maƙwabciya Mali. Adireshin sojojin Amurka suna ƙarewa da "mil", alamar Mali kuwa "ml". Shekara da shekaru masu rubutu suna mance harafi ɗaya, wasiƙun su nufi Mali. Wani ɗan kasuwa na ƙasar Holan, Johannes Zuurbier, wanda ya riƙe kwangilar kula da alamar Mali daga 2013 zuwa 2023, ya bayyana wa jaridar Financial Times a Yuli 2023 cewa daga Janairun wannan shekara kaɗai ya tara irin waɗannan wasiƙu kusan dubu 117, cikinsu har da takardun asibiti da tsarin tafiye-tafiyen hafsoshi. Na'ura ba ta san niyya ba, abin da aka rubuta take bi, kuma wanda yake riƙe da suna shi ne mai cewa ina wasiƙa za ta sauka. Mutanen Nijar su ma su lura: tsakanin "ne" da "net" harafi ɗaya ne.

Saboda haka, ko an raba shafi da wasiƙa, akwai igiya guda da take riƙe da su duka: rajistar sunan. Ana sabunta ta ne da biyan kuɗi a kan lokaci, galibi shekara shekara. In an manta, shafi da wasiƙa su mutu rana ɗaya, wani kuma na iya sayen sunan ya riƙa karɓar abin da ake aiko wa ma'aikata. In matashin da ya gina shafin ya rubuta sunansa a matsayin mai mallaka, to a idon kamfanin rajista shi ne mai gida.

Yadda ake ƙaurar da akwati

Ma'aikatar da ta riga ta haɗa komi wuri ɗaya tana iya rabawa ba tare da asarar wasiƙa ba, in an bi tsari. Da farko a buɗe dukan akwatunan a sabon wuri da sunayen da aka saba. Kwana ɗaya ko biyu kafin ƙaura, a rage wa'adin da sauran na'urori suke riƙe tsohon adireshi a ƙwaƙwalwarsu, don labarin canjin ya bazu da sauri. Sannan a canza layin wasiƙa kaɗai, a bar layin shafi yadda yake. Kada a rufe tsohon akwati sai bayan ƴan kwanaki, kuma sai an kwashe tsofaffin wasiƙu zuwa sabon.

Akwai tarko biyu da suke kama ko da gwanaye. Na farko, tsohuwar na'urar shafi takan ci gaba da ɗaukar kanta ita ce gidan waya. Saƙon da baƙo ya rubuta daga cikin shafin sai ta jefa shi tsohon akwatin da babu mai dubawa. Dole a sanar da ita cewa wasiƙa ta tashi daga hannunta. Na biyu, sai an rubuta a kundin adireshi waɗanne na'urori ne aka yarda su aika wasiƙa da sunan ma'aikata, a kuma sa hatimin lantarki a kan kowace wasiƙa. Masana suna kiran waɗannan layuka SPF da DKIM da DMARC. Tun Fabrairu 2024 Google da Yahoo suka tsananta neman irin wannan shaida, wasiƙar da ba ta da ita tana iya komawa ko ta faɗa kwandon shara. Wannan hatimi kuma shi ne yake wahalar da ɗan damfarar da yake son rubuta wa ɗan kwangila da sunan magajin gari.

Ba a nemi kantoma ko shugaban ƙungiyar manoma ya zama injiniya ba. Abin da aka nema shi ne, kafin ya sa hannu a takardar biyan kuɗi, ya yi wa mai aikin tambayoyi huɗu, a kuma rubuta amsoshin a ajiye cikin kabad tare da takardun filaye. Da sunan wa aka yi rajistar sunan, kuma wace rana take ƙarewa? In shafi ya faɗi yau, wasiƙa za ta ci gaba da shigowa? A wace ƙasa akwatunan suke, kuma ina aka ajiye kwafinsu? Su wane ne mutum biyu na cikin ma'aikata da suke riƙe da kalmar sirrin kundin adireshi? Mai aikin da ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, a riƙe shi da kyau. Wanda kuwa ya ce a bar masa komi a hannunsa, a ba shi kujera ya zauna, a sake maimaita masa tambayar farko.